Raba jagoranci a makaranta ba ya rage wa hedimasta daraja

An daɗe ana ɗauka cewa makaranta ba ta gyaruwa sai hedimasta ya riƙe komai a hannunsa, daga jadawalin darasi har makullin ɗakin ajiya. Hujjar kuwa, wai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Bincike bai goyi bayan haka ba.

Masana biyu, Hallinger da Heck, sun bibiyi makarantun firamare kusan 200 a Amurka na tsawon shekara 4. Inda aka sa malamai cikin yanke shawara, tsarin koyarwa ya inganta, sannan makin yara a lissafi ya tashi. Amfanin ta hannun malami yake isa aji. Malamar aji uku ce ta san yaron da har yanzu yake bin baƙaƙe da yatsa, yana motsa baki ba ya karantawa. In tana da ta cewa a tsara lokaci, za ta nema masa darasin ƙari.

Sai dai rabon ya zama na gaske. A jibga wa malami cika rajista da tsaron ƙofa, ba a jin shawararsa, wannan gajiya kawai yake ƙara masa.