Waiwaye: Rigimar farashin mai a wasan ƙasashe ba jiya ta fara ba

Matasanmu da ke wasan ƙasashe a waya, daga Garwa da Marwa har Kusiri da Njamena, sun kwana biyu suna cacar baki a kan tambaya ɗaya: idan ƙasashe biyu na ƙage suka gwabza yaƙi, nawa gangar ɗanyen mai za ta koma, kuma wa ke da ikon faɗa? Mai ƙasar da ke da rijiyoyi ya ce farashi ya ninka uku, baitulmalinsa ya cika, a ba shi jiragen yaƙi. Wanda ke sayen man ya ce atafau, son kai ne. Alƙalan wasa kuma suna tsakiya suna shan zagi daga kowane ɓangare. Masu kallo daga nesa sun ɗauka sabon rikici ne. Tsoho ne, kaya kawai ya sauya.

Ga wanda bai san wasan ba, kowa yakan ƙago ƙasa, ya raɗa mata suna, ya zana mata tuta, ya riƙa rubuta labarinta kamar gaske. NationStates, wanda Max Barry ya buɗe a 2002, shi ya yaɗa wannan al'ada, kuma bai zo da tsarin yaƙi ko kasuwa tsakanin ƙasashe ba. ’Yan wasa ne suka cike giɓin da alƙalami. Daga baya aka sami irin su Cyber Nations a 2006 da Politics & War a 2014. A wannan na ƙarshe akwai kasuwa sosai: ana tace ɗanyen mai ya zama fetur, tankoki da jirage suna shan fetur ɗin, saboda haka farashi kan motsa da kansa idan manyan ƙawance suka kaure. Namu na nan mafi yawa da rubutu ake yin sa, babu na'urar da za ta raba gardama.

Da babu na'ura, sai aka ari doka daga tarihi. A 1973, lokacin yaƙi da Isra'ila, ƙasashen Larabawa sun hana mai, ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. A 1990 Iraƙi ta mamaye Kuwait, farashi ya ninka cikin ’yan watanni. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya kai shi sama da dala 120. Daga nan aka haddace cewa yaƙi na nufin tsadar mai, shi ke nan.

Shekarar da kowa ke tsallakewa ita ce 2014, alhali mu ya fi kamata mu tuna ta. A watan Yuni na wannan shekara birnin Mosul na Iraƙi ya faɗa hannun ’yan ta'adda, Siriya na ci da wuta, Libiya ta rabu gida biyu, ana faɗa a gabashin Yukiren. Bisa dokar da aka haddace, sai ganga ta haura dala 200. Me ya faru? Daga kusan dala 115 a watan Yuni, ta gangaro ƙasa da 50 a Janairun 2015, ta faɗi ƙasa da 30 a Janairun 2016. Manyan rijiyoyin Iraƙi suna kudu ne, wajen Basra, kuma wutar ba ta kai can ba, jiragen ruwa suka ci gaba da lodi. Amurka na ta ƙara haƙo mai daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, sauran manyan masu haƙowa ba su rage ba, masu saye kuma ba su ƙaru yadda aka zata ba. Kasuwa ta ji ƙarar bindiga, ta ƙirga ganguna, ta ga ba su ragu ba.

Mutumin Chadi ba sai an ba shi labari ba. Tun 2003 man Doba ke bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi da ke bakin tekun Kamaru, ƙasar ta jingina da shi, kuma da farashi ya karye sai aka shiga tsuke bakin aljihu a 2016, ma'aikata suka ji a jikinsu. Ga ƙasa mai mai, sojojinta suna fagen daga, aljihunta kuma yana ramewa. A wasanmu kuwa irin wannan ƙasa ce ke cewa yaƙi ya azurta ta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaya fuskar ta shekarar 2014. Lokacin da ganga ke faɗuwa a duniya, rikicin Boko Haram ya toshe hanyoyin Gamboru zuwa Fotokol da Banki zuwa Mora. Fetur ɗin zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki ya yi wuya, kwalbar bakin titi ta yi tsada a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, mai babur na haya ya ƙara kuɗi. Mai ya yi arha a Landan, ya yi tsada a Mora, a lokaci guda. Farashin ashe ba ɗaya ba ne. Akwai na ganga a teku, akwai na lita a unguwa, kuma yaƙi na iya murɗe ɗaya ya bar ɗayan. An sake gani a Mayun 2023, da aka cire tallafin fetur a Najeriya: ko harsashi ɗaya ba a harba ba, amma zuwa-zuwa ya yi tsalle a Garwa.

To, duba yadda muke kafa ƙasashenmu na wasa. Kusan kowa ya ba tasa rijiyoyi, don ba wanda ke son ya zama mai saye (ban taɓa ganin wanda ya ƙago ƙasa ya ce gyaɗa kawai take nomawa ba). Ba a rubuta ganga nawa kowa ke haƙowa a rana ba. Taswira akwai iyakoki, babu bututu, babu matata, babu mashigin teku irin na Hormuz da kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ke ratsawa. Ba a san wa ke da ajiya ta wata nawa ba. A irin wannan duniya alƙali ba shi da abin aunawa, sai ya bi wanda ya fi iya rubutu ko wanda ya fi daɗewa a wasan. Wanda aka kayar ya ce an yi son zuciya, kuma sau da yawa da gaskiyarsa.

Yanzu wasu na cewa a kafa ƙa'ida ɗaya tak: duk yaƙin da ya ɓarke a ƙara wa ganga kaza. Wannan dokar 1973 ce aka sa wa lamba. Wasu kuma, waɗanda na fi karkata gare su, suna cewa kafin a buɗe wuta kowa ya kawo lissafin rijiyoyinsa da hanyar da mansa ke bi zuwa teku, a ajiye wurin alƙali. Masu manyan ƙasashe ne suka fi ƙin wannan shawara, kuma su ne suka fi yawan ƙuri'a.