Yadda ake lissafin hayaƙin gobarar daji, da abin da ba ya shiga lissafi

Sashe na 13 na Yarjejeniyar Paris ta 2015 ya wajabta wa ƙasashe bayyana yawan iskar da ke ɗumama duniya da suke fitarwa. A taron sauyin yanayi na 2018 a birnin Katowice na ƙasar Poland aka tsayar da cewa za a riƙa miƙa rahoto duk shekara biyu, na farko kafin ƙarshen Disambar 2024, bisa jagorar 2006 ta IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, irin su Nijar da Chadi, an bar musu zaɓin lokaci.

Ga wutar daji da ta gona, abu huɗu ake ninkawa: faɗin wurin da ya ƙone a hekta, nauyin busasshiyar ciyawa ko kara a kowace hekta, kason da wuta ta ci, da giram nawa na kowace iska ke fita daga kilo guda. A ce hekta 1,000 ce ta masara, kowace da tan 5 na kara. Jagorar ta ɗauka wuta na cin kashi 80 cikin ɗari, wato tan 4,000. Kowane kilo na fitar da giram 2.7 na iskar mitan, jimilla tan 10.8. A ninka da 28, domin haka ƙarfin ɗumamarta yake a kan kabon dayoksaid cikin shekara ɗari, sai a samu daidai da kimanin tan 302 na kabon dayoksaid.

To ina kabon dayoksaid ɗin da ya tashi? Nan ne mutane ke ruɗewa. Idan ciyawa ko kara ne suka ƙone, ba a ƙirga shi, don tsiron damina mai zuwa zai sake shanye shi. Mitan da naitiros oksaid kawai ake rubutawa. Amma idan kurmi aka sare aka cinna wa wuta don a yi gona, bishiyoyin ba za su dawo ba, dole kabon ɗin ya shiga littafi. Haka ma ƙasar fadama mai tarin ruɓaɓɓen tsiro, irin wadda ta yi ta ci a Indonesiya a 2015. Na itacen girki da gawayi kuwa ana nuna shi a gefe a ɓangaren makamashi, a ƙirga shi a ɓangaren dazuzzuka, kada a lissafa sau biyu.

Kuskure mafi girma a faɗin wuri yake. Na'urar MODIS da ke kan taurarin ɗan'adam na Amurka tana auna ƙuna da ma'aunin mita 500, ƙananan wutar sharar gona sai su kuɓuce mata. Da aka sake auna Afirka kudu da Sahara ta 2016 da tauraron Sentinel-2 na Turai, a ma'aunin mita 20, an ga faɗin wurin da ya ƙone ya fi na MODIS da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Nauyin kara ma ba a kwafo shi daga teburin jagorar ido rufe. A ƙasar Hausa ana kwashe kara don dabbobi, danga da girki. Abin da ya rage a gona kaɗai ya kamata a auna.