Mene ne "haramcin dindindin" a wasan besbol, kuma me janye shi yake nufi?

Tun ranar 13 ga Mayun 2025, lokacin da kwamishinan babbar gasar besbol ta Amurka, Rob Manfred, ya cire sunayen mutum 17 daga jerin waɗanda aka haramta wa wasan, kalmar "haramcin dindindin" ta shiga bakin masu sharhin wasanni da 'yan siyasa, har da waɗanda ba su taɓa zama sun kalli wasan daga farko zuwa ƙarshe ba. Duk mutanen 17 sun mutu, kuma biyu daga cikinsu ne suka jawo ce-ce-ku-cen, wato Pete Rose da Joe Jackson, fitattun 'yan wasa da aka haramta wa wasan kan batun caca. Abin da ake ta maimaitawa shi ne wai an wanke Rose, wai an gane cewa zaluntarsa aka yi, wai ma ya shiga Zauren Gwarazan besbol, cibiyar da ake karrama fitattun 'yan wasa. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya faru, kuma ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake amfani da kalmar ba tare da an duba abin da dokar ta ce ba.

Dokar da ake magana a kanta ita ce ta 21 a kundin gasar, wadda ake manna ta a ɗakin sauya kaya na kowace ƙungiya domin kada wani ya ce bai sani ba. Sashenta na caca ya kasu biyu. Ɗan wasa ko alƙalin wasa ko ma'aikacin ƙungiya da ya yi caca a kan wasan da ba shi da hannu a cikinsa, za a dakatar da shi shekara ɗaya. Wanda kuwa ya yi caca a kan wasan da yake da aikin da zai yi a cikinsa, shi ne ake sa wa haramcin dindindin, ma'ana ba zai buga wasa ba, ba zai horar ba, kuma babu ƙungiyar da za ta ɗauke shi kowane irin aiki. Dokar ba ta tambayi nawa ya zuba ba, ba ta kuma tambayi ko ƙungiyarsa ya zuba wa ko abokan hamayya ba.

Kuskure na farko yana cikin ɗaukar "dindindin" a matsayin hukuncin da ba a taɓa waiwayarsa. A aikace, abin da kalmar take nufi shi ne dakatarwar da ba a yanka mata ranar ƙarewa ba, amma wanda aka sa wa yana da damar roƙon kwamishina ya dawo da shi. An nisanta fitattun 'yan wasa biyu daga harkar, Willie Mays a 1979 da Mickey Mantle a 1983, bayan sun yi ritaya, saboda sun karɓi aikin tarbar baƙi a gidajen caca na birnin Atlantic City, sai sabon kwamishina Peter Ueberroth ya dawo da su a 1985. Jenrry Mejía, wanda aka haramta wa wasa a 2016 bayan an kama shi sau uku da ƙwayoyin ƙara kuzari, ya samu afuwa a 2018. Masu bin ƙwallon ƙafa a Najeriya sun ga makamancin haka a kan Samson Siasia, wanda FIFA ta haramta wa harkar har ƙarshen rayuwarsa a 2019, kotun sauraron ƙararrakin wasanni kuma ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021. Bambancin shi ne dokar besbol ba ta taɓa cewa "har ƙarshen rayuwa" ba. 'Yan jarida ne suka saba da wannan lafazi, alhali kafin 2025, a takarda sunan mutum yana nan a jerin ko bayan an binne shi, shi ya sa Jackson, wanda ya mutu a 1951, ya ci gaba da zama haramtacce fiye da shekara 70 bayan mutuwarsa.

Abin da Manfred ya yi shi ne ya ce daga yanzu haramcin yana ƙarewa da mutuwar mai shi, bisa hujjar cewa an kafa dokar ne don kare amincin wasan, mamaci kuwa ba zai iya yi wa wasa barazana ba. Bai sake duba shaida ba, bai kuma ce an yi kuskure a hukuncin kowa ba. Hasali ma shi da kansa ya ƙi roƙon Rose a Disambar 2015, yana mai cewa mutumin bai sauya halinsa ba. A ganina hujjar Manfred ta 2025 mai ma'ana ce, sai dai lokacin da aka zaɓa ya rage mata daraja, domin ta zo ne makonni kaɗan bayan ganawarsa da Shugaba Donald Trump, wanda ya riga ya fito fili ya ce zai yi wa Rose afuwa.

Wannan alƙawarin afuwar shi ne misalin da ya fi nuna yadda ake cakuɗa abubuwa. Shugaban Amurka yana da ikon yafe laifin da kotun tarayya ta kama mutum da shi, kuma laifi ɗaya tak irin wannan da ke kan Rose shi ne na ƙarya a takardun haraji, wanda ya sa ya yi wata biyar a kurkuku bayan hukuncin 1990. Haramcin besbol kuwa ba hukuncin kotu ba ne. Yarjejeniya ce da Rose ya sa wa hannu a Agustan 1989 tsakaninsa da kwamishina Bart Giamatti, bayan rahoton binciken lauya John Dowd, inda ya amince a haramta masa wasan bisa sharaɗin gasar ba za ta fitar da matsaya a hukumance cewa ya yi caca a kan besbol ba. Babu sa hannun shugaban ƙasa da zai iya goge irin wannan takarda. Giamatti ya mutu ranar 1 ga Satumban wannan shekarar, kwana takwas bayan sanarwar, Rose kuma ya ci gaba da musantawa kusan shekara 15 kafin ya amsa a 2004 cewa lallai ya yi caca a kan ƙungiyar Cincinnati Reds lokacin da yake kocinta.

A nan ne hujjar da ta fi damuna take shigowa, wadda masoyansa suke riƙewa kamar ta kashe magana: ai ƙungiyarsa ya zuba wa kuɗi ta ci, bai taɓa zuba wa abokan hamayya ba, to ina laifin? Gaskiya ne rahoton Dowd bai samu shaidar cewa ya yi caca a kan Reds su faɗi ba, kuma bai kamata a ƙaƙaba masa laifin sayar da wasa ba. Amma wanda ya san yadda kakar besbol take tafiya ba zai ɗauki wannan a matsayin kariya ba. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kusan kullum, kuma babban aikin koci shi ne tattalin hannun masu jifa, wato waɗanda ke jefa wa mai bugu ƙwallo. Mai jifan da ya fara wasa yau yakan huta kwana huɗu kafin ya sake farawa, gwanin da ake ajiyewa don rufe wasa kuma ba a fitar da shi kwanaki da yawa a jere sai hannunsa ya nuna gajiya. Kocin da ba shi da komai a zuciya sai ƙungiyarsa yakan haƙura da wasan yau idan ya ga ya kuɓuce, ya adana mutanensa saboda gobe da jibi. Kocin da kuɗinsa ke kan wasan yau kuwa yana da dalilin barin mai jifa a fili bayan ya gaji, ko fitar da gwanin rufewa a daren da ya kamata ya huta, ko sa ɗan wasan da ke fama da rauni. Ya zama kamar manomin da ya cinye irin shuka, yau ya ƙoshi, damina kuma ta same shi hannu wofi. Wanda zai biya kuɗin wannan shawara shi ne matashin da hannunsa ya lalace, da 'yan kallon da suka sayi tikitin wasan gobe.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda ba a cika faɗa ba. Idan koci yana zuba kuɗi a wasu ranaku yana ƙyale wasu, to ranar da bai zuba ba ta zama saƙo ga masu karɓar cacar cewa shi kansa bai yarda da mai jifansa na ranar ba. Ba sai ya ce uffan ba, shirunsa ya ishe su. Idan kuma bashi ya taru masa a wurinsu, to sun samu igiyar da za su ja shi da ita ranar da suke son wasa ya karkata. Wannan ne dalilin da ya sa dokar ba ta bambanta tsakanin cacar ci da cacar faɗuwa ba, kuma ina ganin waɗanda suka rubuta ta sun fi masu kare Rose fahimtar wasan. Babu mai musun gwanintarsa: bugu mai nasara (bugun ƙwallon da ke kai mai bugu sansani lafiya) 4,256, adadin da har yau babu wanda ya kai, bayan ya wuce Ty Cobb, wanda ke riƙe da tarihin a da, ranar 11 ga Satumban 1985, da kofin gasa uku a 1975 da 1976 da 1980. Gwanintar ba ta sauya abin da ke manne a bangon ɗakin da ya shafe fiye da shekara 20 yana shiga ba.

Za a iya cewa gasar ta rasa bakin magana tunda ita ma yanzu tana cin kuɗin tallan kamfanonin caca, bayan Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018. Wannan zargi ne mai nauyi, kuma na yarda da shi. Sai dai yawaitar cacar dalili ne na ƙara riƙe dokar, kuma an riƙe ta a Yunin 2024 a kan Tucupita Marcano, ɗan shekara 24, wanda ya yi caca a kan wasannin Pittsburgh Pirates lokacin yana cikin ƙungiyar yana jinyar rauni. Shi yana raye, saboda haka sauyin Manfred bai taɓa shi ba.

Batun Zauren Gwaraza da ke garin Cooperstown a jihar New York kuwa wani abu ne daban, domin cibiya ce mai zaman kanta da ba ta ƙarƙashin kwamishina. Kafin 1991 babu dokar da ta hana a zaɓi haramtacce, shi ya sa Jackson ya samu 'yan ƙuri'u a 1936 da 1946. A Fabrairun 1991 ne, ana gab da sa sunan Rose a takardar zaɓe, hukumar Zauren ta zartar cewa duk wanda ke cikin jerin haramtattu ba za a tsayar da shi ba. Wannan mataki ne ya ɗaure abubuwa biyu da ya kamata su zauna a rabe, wato kare wasa daga mai rai da kuma auna tarihin wanda ya gama, kuma shi ne tushen yawancin gardamar da ake yi yau. Cire suna daga jerin ya ba mutum damar a duba shi ne kawai. Barry Bonds, mai bugun tsallake katanga (bugun da ke fitar da ƙwallo wajen fili) 762, ba a taɓa haramta masa wasa ba, amma ya fita daga takardar zaɓen 'yan jarida a 2022 da kashi 66 cikin ɗari, ƙasa da kashi 75 da ake buƙata, saboda zargin ƙwayoyi. Rose da Jackson za su jira kwamitin mutum 16 da zai zauna a Disambar 2027, kuma kowannensu yana buƙatar ƙuri'a 12 idan ma an sa sunansa a gaban kwamitin.

Haɗa Rose da Jackson a jimla ɗaya ma wani kuskuren ne, domin laifinsu ba ɗaya ba ne. Jackson yana cikin 'yan wasan Chicago White Sox takwas da aka zarga da karɓar kuɗin 'yan caca don su faɗi a wasannin ƙarshe na cin kofin 1919, waɗanda Cincinnati ta lashe da wasa biyar da uku. Masu kare shi suna nuna cewa ya yi bugu mai nasara 12 cikin dama 32, kuma shi kaɗai ya tsallake katanga a duk wasannin, amma ya amsa a gaban masu binciken kotu a 1920 cewa ya karɓi dala 5,000. Kotu ta sallami waɗanda aka gurfanar a cikinsu a Agustan 1921, washegari kuma kwamishina na farko, tsohon alƙalin tarayya Kenesaw Mountain Landis, ya sanar cewa ko me kotu ta ce, ba za su sake buga wasa ba, kuma ya haɗa har da wanda ya zauna a wurin da ake ƙulla cin amanar bai kai rahoto ba. Wannan sashe na ƙarshe an yi shi ne domin Buck Weaver, wanda ya halarci taron, bai karɓi ko sisi ba, ya kuma yi bugu mai nasara 11 cikin dama 34 ba tare da kuskure ko ɗaya a tsaron fili ba. Shirunsa laifi ne da ya cancanci horo, amma ba daidai yake da na wanda ya sa kuɗin a aljihu ba, kuma ya yi ta roƙon a dawo da shi har ya mutu a 1956 babu kwamishinan da ya saurare shi. Idan akwai mutum ɗaya a cikin 17 ɗin da ya cancanci a sake buɗe fayil ɗinsa a auna hukuncinsa da laifinsa, Weaver ne, kuma sanarwar Manfred ba ta yi masa hakan ba, domin ta cire sunansa ne a rana ɗaya kuma bisa hujja ɗaya da Chick Gandil, wanda ya jagoranci ƙulla cinikin da 'yan caca.