Hanyar Keke Mai Shinge a Tsakiyar Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Wudil ranar Juma'a, ko na Maigatari ranar Alhamis, ya san yadda mai keke yake shiga gari ranar kasuwa. Tun da sassafe yake fitowa daga ƙauye a kan burji, da buhun gero ko kwandon kaji ɗaure a kariya, babu mai takura masa. Amma da zarar ya hau kwalta ya tunkari kasuwa, sai ya zama ƙwai a tsakanin duwatsu: ga tirela, ga Adaidaita Sahu, ga babura, ga masu tura kura. Manyan biranen duniya sun daɗe suna fama da irin wannan cakuɗewa a tsakiyarsu, kuma maganin da ya fi karɓuwa a wurinsu shi ne keɓe wa kekuna hanya mai shinge. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan aka kawo zancen a majalisa.

Mece ce hanyar keke mai shinge, kuma da me ta bambanta da layin fenti?

Hanya ce da ake yanka daga jikin titi a bar wa kekuna kaɗai, sannan a sa wani abu mai ƙarfi tsakaninta da wurin da motoci suke bi, kamar ɗan dakalin kankare, ko turakun ƙarfe, ko kuma a ɗaga ta ta ɗara kwalta tudu kamar yadda ake yi a Kofanhegan, babban birnin Denmak. Layin fenti kuwa farin zane ne a ƙasa da hoton keke a ciki. Fenti roƙon direba yake yi ya yi hankali, kankare kuwa yana tare tayarsa ko ya so ko bai so ba. A wajenmu akwai ƙarin dalili, domin yashi da ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa barin zane ya daɗe a kan kwalta.

Akwai kuma wata dabara mai araha da birnin Niyok na Amurka ya fara amfani da ita a titinsa na Tara a shekarar 2007. Sun matso da wurin ajiye motoci daga gefen titi zuwa ciki, suka bar wa kekuna filin da ke tsakanin motocin da aka ajiye da hanyar masu tafiya a ƙasa, sai motocin suka zama katangar. Sharaɗinta shi ne a bar tazarar kusan mita ɗaya, don kada fasinja ya buɗe ƙofa ta make mai keke.

A ina wannan tsari ya samo ƙarfinsa?

Ƙasar Holan ce aka fi kafa hujja da ita, kuma da hasarar rayuka ta sayi darasin. A shekarar 1971 mutane fiye da 3,000 ne suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, sama da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka fito kan tituna da wata fafutuka mai taken "A daina kashe yara". Ana cikin haka sai takunkumin man fetur na 1973 ya faɗa wa ƙasar, har gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na wani ɗan lokaci, mutane suka ga yadda garuruwansu suke idan motoci suka ɗaga. Daga nan aka shiga gina hanyoyin keke da gaske, aka kuma shafe shekaru ana gyara tsarinsu. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a wannan tarihi shi ne, mutanen Holan ba halinsu aka sauya da wa'azi ba, titunansu aka sake wa fasali.

Me ya sa ake yawan danganta tsaron mai keke da gudun mota?

Saboda lissafin ba ya sassauta wa kowa. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, ma'ana idan direba ya ga mai keke, kafin ya ɗaga ƙafarsa zuwa burki, ya riga ya shafe wannan tazara. Sannan ƙarfin bugu yana ninkuwa fiye da yadda gudu yake ƙaruwa: idan aka ninka gudu sau biyu, daga 30 zuwa 60, ƙarfin bugun da tsawon jan burki sukan ninku sau huɗu. Shi ya sa taron ministocin duniya kan tsaron hanya da aka yi a Stokholm, babban birnin ƙasar Suwidin, a 2020 ya nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda motoci suke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wannan hasara.

Ƙa'idar da ta fito daga nan mai sauƙi ce. Inda titi yake da ƙunci kuma motoci kaɗan ne, a rage musu gudu da tudun kan hanya, kowa ya bi tare. Inda motoci suke da yawa ko suke gudu, ko manyan motoci suke bi, a raba su da kekuna.

Wane faɗi ya kamata hanyar ta yi?

Mai keke ba ya tafiya a miƙe kamar zare, musamman lokacin tashi ko hawan tudu, don haka yana bukatar kusan mita ɗaya shi kaɗai. A ƙasashen da suka ƙware, hanyar da ake bi hannu ɗaya takan kai mita biyu, don wani ya iya wuce wani. A ganina wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi mana, domin kekenmu na ƙauye jakin ƙarfe ne. Wanda ya rataya jarkoki biyu hagu da dama, ko ya gicciya damin rake ko na kara a kariya, faɗinsa ya ninka na ɗan makarantar da ke tafe da jaka a baya. Injiniyan da ya kwafo awon wata ƙasa bai tsaya bakin kasuwa ya dubi irin lodin da ake yi ba, zai gina hanyar da masu ita ba za su shige ta ba.

Idan an gina shinge, ina haɗarin yake komawa?

Mahaɗar hanya yake komawa, kuma a nan ne ake gane aikin gwani. Shinge dole ya katse a duk inda wata hanya ta ratso, kuma a daidai wannan giɓi ne mota da keke suke sake gamuwa. Tun daga 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mai keke yana can ƙarshen dama na titi. To, a ce shi zai miƙe, tirela ko tifa da ke gefensa kuma za ta karya kwana dama. Direban yana zaune a sama, a ɓangaren hagu, kuma akwai fili babba a gefen damansa da gaban motarsa wanda ba ya gani ko da madubi. Ƙari a kan haka, doguwar mota takan fara buɗewa hagu kafin ta karya, sai mai keke ya ɗauka an ba shi hanya ya kutsa, alhali tayoyin baya suna yanko kwanar ta ciki fiye da na gaba. Da yawa daga cikin munanan haɗurran masu keke a birane ta haka suke faruwa, kuma motar ba ta ma cikin gudu.

Maganin da Holan ta yi fice da shi yana da sassa da suke aiki tare. Ana gina ɗan tsibirin kankare a kowace kusurwa, wanda yake tilasta wa direba ya karya kwana a hankali. Ana kuma ja da wurin tsallakawar kekuna baya da kusan mita biyar, tsawon ƙaramar mota, ta yadda kafin direba ya iso wurin ya riga ya juya hancin motarsa, yana kallon mai keke ta gilashin gaba maimakon ya neme shi a madubi. Inda akwai danja, akan sa masu keke su tsaya gaba da motoci, a kuma ba su hannu 'yan daƙiƙoƙi kafin motocin su tashi. Hanyar da aka yi wa shinge mai kyau amma ta zubar da mutum a tsakiyar shataletale ba tare da wani tanadi ba, ita ce ake ce wa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ba 'yan tebur da masu Adaidaita Sahu ne za su mamaye ta ba?

Za su mamaye ta, idan aka gina ta kamar ba a san da zamansu ba. Mai tsire da mai shayi da mai sayar da lemo ba don rashin tarbiyya suke kasa kaya a bakin titi ba, can ne ciniki yake, haka nan mai Adaidaita Sahu dole ya tsaya ya sauke fasinja a wani wuri. Tsari na gari yana ware wuraren lodi da saukewa, yana kuma sa wurin jiran mota ya zama tsibiri tsakanin kwalta da hanyar keke, kekuna su zagaya ta bayansa. Sannan sai an zauna da sarkin kasuwa da shugabannin tasha da hakimi tun kafin a zuba kankare, domin ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Babura su ne matsalar da ta fi wuyar sha'ani. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, amma a garuruwan karkara babur ne ke ɗaukar mutane da kaya, kuma duk ƙofar da keke zai shiga, babur ma zai shiga. Kankare ba zai raba su ba. Wannan sai da doka da masu tsare ta a wurin, da kuma yardar shugabannin 'yan acaɓar kansu.

Akwai kuma batun shara da ruwa. Shinge yana tare yashi da fasassun kwalabe kamar yadda yake tare mota, kuma idan ba a bar wa ruwa mafita zuwa lambatu ba, hanyar za ta zama tafki a watan Agusta. Wani mai faci da nake kai wa kekena ya taɓa nuna mini wilin da aka kawo masa a lanƙwashe, ya ce, "Malam, wannan ba mota ce ta buge shi ba. Iskar tirela ce ta koro shi gefe, tayarsa ta nutse a yashi, ya faɗa rami." Gefen titin da ba a sharewa korar mai keke yake yi zuwa cikin motoci.

Hular kwano da fitila fa, ba su wadatar ba?

Hular kwano tana rage raunin kai idan mutum ya faɗi, kuma wanda ya samu ya sa. Sai dai ba a ƙera ta don tsayawa gaban tifa ba, kuma yawancin masu keke a Holan ba sa sa ta, amma ƙasar tana cikin waɗanda hawan keke ya fi aminci a cikinsu. Fitila kuwa wajibi ce a wajenmu, domin mai dawowa daga kasuwa bayan magariba, a kan baƙin keke, a titin da babu fitilun hanya, direba ba ya ganinsa sai ya zo kansa. Farar fitila a gaba, ja a baya, da burki mai ci, sun fi kowace ƙawa da ake yi wa keke. Haka nan bin hannun da ba naka ba da nufin "in riƙa ganin motar da ke zuwa" kuskure ne, saboda direban da zai fito daga lungu yana duban ɓangaren da yake tsammanin motoci ne, ba ya duban inda ka ɓullo.

Shin wannan ba tsarin manyan birane ba ne? Ina ruwan ƙauye da shi?

Garin da babbar hanya ta ratsa tsakiyarsa, kamar yadda hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa Wudil, yana da matsalar birni ko da a rana ɗaya ce a mako, kuma tazarar da take bukatar gyara gajeriya ce, daga inda gidaje suka fara zuwa inda suka ƙare. Birnin Sebil na ƙasar Sifen ya fara aiki a 2006, ya gina kimanin kilomita 80 na hanyoyi masu shinge da suke haɗe da juna cikin ɗan lokaci, masu hawa keke suka ninku sau da dama. Haɗuwar ce ta jawo su, domin uwa ba za ta saki ɗanta a hanyar da ke da shinge a rabi kawai ba. A ƙaramin gari, haɗuwar tana nufin a sada makarantar sakandare da kasuwa da asibiti da tasha. A wajen gari kuma, inda motoci suke sakin gudu, ba lallai ne hanyar ta manne da kwalta ba. Sau da yawa akwai sawun da masu keke da amalanke suka riga suka fitar da kansu a can gefe, bayan lambatu. Abin da ya rage shi ne a daidaita shi, a zuba masa tsakuwa, a kuma sa kwalbati a inda ruwa yake yanke shi da damina.