Waiwaye: Yadda masu karatu suka yi gabas, littattafai suka tsaya a yamma

Tun da yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya warwatsa jama'a zuwa Port Sudan da Gadarif da Kasala, wata muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin 'yan tsirarun Kiristoci masu jin Hausa da ke zaune a ƙasar Sudan. Tambayar da ake ta juyawa ita ce, waɗanne littattafai ne suka cancanci mai bi ya karanta domin bangaskiyarsa ta kafu, almajirancinsa ya yi zurfi, ya kuma san yadda zai zauna da maƙwabta a irin wannan lokaci na yunwa da gudun hijira? 'Yan'uwa daga Jos da Kaduna sukan turo jerin sunayen littattafai ta WhatsApp da kyakkyawar niyya, amma da zarar jerin ya iso sai gardama ta tashi. Dattawa su ce a nemo na Hausa, domin da shi aka raine su. Matasa su ce su dai Larabci suke karantawa. Waɗanda suka yi karatu mai zurfi su ce duk littafin kirki da Turanci yake, kowa ya daure ya koya. Daga nan sai a koma zargin yaran zamani da ƙyuya da kallon waya, kamar dai jiya da daddare matsalar ta faɗo daga sama. Alhali kuwa saiwarta ta haura shekara ɗari a ƙasa.

Farkon labarin sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama ajin makarantar Littafi Mai Tsarki. James Frederick Schön ya biyo Kogin Kwara a shekarar 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya duƙufa a kan Hausa, daga baya ya sami taimakon Dorugu, yaron nan da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai, har aka buga Sabon Alkawari a 1880. Likita Walter Miller ya iso ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya daga 1905, kuma shi ne jigon aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An fito da sabon juyi a 1980, wanda shi ne a hannun yawancin iyayenmu. Wannan shi ne tarihin da ake haddacewa, kuma babu ƙarya a cikinsa, sai dai ya tsallake shekaru goman da suka fi shafar mu mazauna gabas.

Shekarun nan su ne daga 1903 zuwa 1912. A watan Yulin 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasa ransa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya ja ragowar jama'a suka nufi gabas, har suka sauka a bakin Kogin Nilu a wurin da yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sinnar, wajen 1906. Ba su ne farkon Hausawa a wannan hanya ba, domin mahajjata sun daɗe suna bin ta a ƙasa, wasu su shekara goma kafin su ga Makka, wasu guzuri ya ƙare musu su yi gida a inda suka tsaya. Amma wannan hijira ce ta mayar da zango ya zama gari. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ƙarin jama'a suka yi ta kwararowa neman aiki. Duk waɗannan mutane da rubutu ɗaya suka zo, wato ajami, wanda suka koya a kan allo, kuma suka tarar da ƙasar da kasuwarta da kotunta da makarantarta duk da haruffan Larabci suke aiki. Ba su da wani dalilin da zai sa su nemi wani rubutun.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma rubutun Hausa yake sauya riga a can gida. An buɗe makarantar boko ta Nasarawa a Kano a 1909, an fito da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Rumawa a 1912, kuma kafin a kai ko'ina boko ya zama rubutun ofis da na aji da na maɗaba'a. Ba a taru rana ɗaya aka yanke wannan shawara ba, hannaye da yawa ne suka tura ta, kowane da uzurinsa. Keken rubutu na lokacin haruffan Rumawa yake bugawa. Ajami kuwa ba ya karantuwa sai da cikakken wasali a kan kowane harafi, kuma jera irin wannan a injin ɗab'i aiki ne mai tsada da cin lokaci. Ga shi marubutan ajami ba su daidaita a kan ƙa'ida ɗaya ba, na Sakkwato da irin nasa, na Kano da irin nasa. Masu aikin bishara ma sun gwada buga wasu sassa da ajami tun da farko, amma da suka ga yawancin masu karɓar saƙonsu daga kudancin Zariya da tsaunukan Filato da kwarin Binuwai suke, mutanen da ba su taɓa riƙe allo ba, Hausa kuma harshen kasuwa ce a gare su, sai suka ga boko ya fi musu sauƙin koyarwa. Idan mutum ya tsaya a Zariya ta wancan zamani ya duba, da wuya ya ce an yi kuskure.

Sai wanda ya tsaya a bakin Nilu ne zai ga abin da ya faru. Harshe ɗaya ya rabu gida biyu ta fuskar rubutu, kuma ya rabu ne a lokacin da babu ɓangaren da ya san ɗayan yana sauyawa. Duk abin da ya biyo baya a yamma, daga Hukumar Fassara ta Zariya, zuwa haruffa masu ƙugiya da aka shigo da su a shekarun 1930, zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, an gina shi ne a kan boko. Littattafan ikilisiya ma haka, daga Littafi Mai Tsarki na 1932 zuwa Littafin Waƙoƙi da ƙananan littattafan koyar da masu shirin baftisma da ake bugawa a Jos. A gabas kuwa Hausa ta ci gaba da rayuwa a baki, a gida da gona da kasuwa, tana ɗibar kalmomin Larabcin Sudan, amma ba ta sami aji ko jarida ko shagon littattafai na boko ba.

Mai karatu zai iya cewa, ai waɗanda suka yi hijirar nan Musulmi ne, me ya haɗa tarihinsu da littattafan Kirista? Abin da ya haɗa su shi ne, iyalan Kiristoci masu jin Hausa da suka zo daga baya, domin aiki ko ciniki ko aure, cikin wannan duniyar suka sauka. Uba ya zo da Littafi Mai Tsarki na boko a cikin akwatinsa, amma ɗansa Hausar unguwa ya tashi da ita, haruffan da aka koya masa a firamare kuma na Larabci ne. Gaskiya ne yaro yakan haɗu da haruffan Rumawa a darasin Turanci, sai dai wannan ba ya isarsa, domin zai ga "c" ya furta ta kamar yadda malamin Turanci ya koya masa, zai ga ƙ da ɗ da ɓ ya tsaya, kuma tun da boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai wanda ya saba ne yake gane kalma da kallo ɗaya. Yaron da ya yi tuntuɓe sau uku a aya ɗaya a gaban jama'a, aka yi masa dariya, ba ya sake miƙa hannu ya karɓi littafin. Wannan ne dattawa suke gani su kira shi ƙyuya.

Akwai wani abin mamaki a gefe. Ƙungiyoyin bishara biyu da suka fi buga littattafan Hausa, wato SIM (Sudan Interior Mission) da aka kafa a 1893 da SUM (Sudan United Mission) ta 1904, dukansu da kalmar Sudan a cikin sunansu na asali, amma Sudan ɗin da suke nufi ita ce shimfiɗar ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara. Dukansu sun yi aiki a wannan Sudan ɗin tamu daga baya, a tsaunukan Nuba da wajen kudu, cikin harsunan mutanen wuraren da kuma Larabci. Hausa ba ta cikin lissafin, kuma bisa ga yawan masu bukata a lokacin, babu mai ganin laifin hakan. Abin da ya ɗan cike giɓin shi ne rediyo, domin shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos ana watsa su ne a gajeren zango daga Addis Ababa, har zuwa 1977 da tashar ta daina wannan aiki. Kunne ba ya tambayar da wane harafi aka rubuta. Ballewar Sudan ta Kudu a Yulin 2011 ta ƙara rage yawan Kiristoci a arewa, ta rage masu sayen littafi da masu kawo shi, yaƙin yanzu kuma ya raba mutane da ɗan abin da suka tara a ɗakunansu.

Da wannan a zuciya, jerin littattafan da ake turowa yakan fito da wata kama dabam. Littattafai ne na ƙwarai, ban musa ba. Akwai na Dietrich Bonhoeffer na 1937 a kan tsadar bin Almasihu, wanda marubucinsa ya biya farashin da ransa a Afrilun 1945, kuma duk wanda ya kwana yana jin ƙarar bindiga zai fahimce shi fiye da mai karanta shi a kan kujerar laushi. Akwai na John Stott na 1984 a kan matsalolin da ke fuskantar Kirista a zamaninsa, wanda ya biyo sawun Alkawarin Lausanne na 1974, wato matsayar da babban taron masu bishara na duniya ya cimma, wajen nuna cewa wa'azi da kula da matalauci ba kishiyoyi ba ne. Akwai na Byang Kato, ɗan Kwoi, na 1975, da na Lamin Sanneh, mutumin Gambiya, na 1989, wanda ya nuna cewa bangaskiyar Kirista ta yaɗu ne ta hanyar yarda a fassara ta zuwa harshen kowace uwa. Shi wannan na ƙarshe ya fi kowanne dacewa da zancenmu, amma da Turanci yake, mutum nawa ne a cikinmu za su iya kai shi ƙarshe? Sharhin Littafi Mai Tsarki don Afirka, wanda ya fito da Turanci a 2006 ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, an mayar da shi Hausa, babban aiki ne kuwa, sai dai da boko ne, kuma nauyinsa kaɗai ya isa ya hana shi shiga jakar ɗan gudun hijira.

Matasan da suka ce Larabci ya ishe su ba su faɗi ba daidai ba. Suna da Littafi Mai Tsarki na Larabci, juyin Van Dyck, da aka kammala a Bairut a 1865, wanda ake karantawa a majami'u da yawa na ƙasar nan, suna da rubuce-rubucen Matta al-Miskin na Masar a kan rayuwar addu'a, suna da abin da maɗaba'un Alƙahira da Bairut suke fitarwa. A kan batun zama da maƙwabta ma, ina ganin littattafan Larabci sun fi kusa da halinmu, domin marubutansu tsiraru ne da suka shekara fiye da dubu suna zaune cikin Musulmi, ba kamar marubucin Landan ba wanda damuwarsa ita ce mutane sun daina zuwa majami'a. Mu nan tambayarmu ita ce yadda za a tsaya a bakin tukunya ɗaya da maƙwabci a takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, a raba wa yara fate ba tare da an tambayi addinin kowa ba. Abin da Larabci ba ya iya yi wa tsohuwa shi ne ya taɓa ta a inda Hausa take taɓa ta. Kalmar "almajiri", wadda masana suke cewa daga "almuhajir" ta fito, tana ɗauke da mai bin malami da mai barin gida a lokaci guda, kuma "tilmiz" na Larabci bai ɗauki na biyun ba.

Shi ya sa wasu suke ganin mafita ita ce a koma ajami, tun da a 'yan shekarun nan an sake fito da nassosi da shi a Najeriya. Shawara ce mai kyau, amma ita ma tana da nata ƙulli, wanda wannan tsohuwar rabuwa ce ta ɗaura shi. Ajamin ƙasar Hausa salon Magrib yake bi, inda "fa" take da ɗigo ɗaya a ƙasa, "ƙaf" kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali ɗan makarantar gwamnati a Sudan ya saba da salon gabas, mai ɗigo ɗaya a saman "fa" da biyu a saman "ƙaf". Zai ga harafin da ya sani da "sa" mai ɗigo uku, a ce masa "ca" ne, ya ga "ɗa" da ɗigo uku a ce "tsa" ce, ya ga ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi a ce wasalin "e" ne. Koyon wannan bai kai koyon boko wuya ba, kwana kaɗan ya isa, amma sai an sami mai koyarwa, kuma waɗanda suka iya a unguwanninmu malaman allo ne, maƙwabtanmu Musulmi.

A gidan da muke taruwa ran Lahadi tun bayan da muka baro Kartum, abin da ake yi a yanzu shi ne, wani dattijo ya karanta sura da boko a hankali, wata yarinya ta bi shi da juyin Larabci daga wayarta, sa'an nan a tattauna da Hausar da kowa yake ji. Kwanan baya na leƙa littafin rubutun wani saurayi da ke zaune kusa da ni, na ga yana rubuta abin da dattijon yake faɗa da Hausa, amma da haruffan Larabcin makaranta, ba wasali, ba ƙa'ida, yadda kunnensa ya ba shi. Da aka tashi na ce ya karanta mini, ya karanto shi tsaf. Na miƙa wa dattijon, ya juya takardar sama da ƙasa, ya mayar masa da abinsa.