Kankare Mara Nauyi a Dogon Bene: Inda Doka Take Sa Ido

Ranar 16 ga Mayu 1968 gas ya fashe a kicin ɗin wani gida a hawa na 18 na benen Ronan Point da ke Landan. Fashewar ba ta taka kara ta karya ba, matar da ta ƙyasta ashanar ma ta tsira. Amma bangon waje ya fice, allunan kankaren da ke samansa suka rasa madogara suka rufto, kusurwar benen mai hawa 22 ta zube har ƙasa. Mutum huɗu suka mutu.

An haɗa benen ne da allunan da aka zuba a masana'anta, aka kawo aka jera. Daga nan Ingila ta gyara dokar gini a 1970, kuma ƙa'idar tana nan a sashen A3: kada ɓarnar da haɗari ya jawo ta wuce girman haɗarin. Benen zama da ya haura hawa huɗu, sai an ɗaure allunansa da rodi a kwance da kuma a tsaye, ko injiniya ya nuna da lissafi cewa in aka zare ginshiƙi ɗaya, abin da zai rufta ba zai wuce kashi 15 cikin ɗari na shimfiɗar hawan ba. Wanda ya wuce hawa 15 kuwa sai an yi masa nazarin haɗari na musamman.

To ina ruwan kankare mara nauyi da wannan doka? A ma'aunin Turai, kankare mara nauyi shi ne wanda mita kubik ɗinsa bai wuce kilo 2,000 ba, alhali na yau da kullum yana kai kilo 2,400. Harsashi yana samun sauƙi, injin ɗaga kaya ma haka. Sai dai tsakuwarsa, gasasshen yumɓu ce ko dutsen aman wuta, cike take da ramuka kamar soso, in ka fasa ta za ka gani. Ba ta riƙe rodi kamar tsakuwar dutse, alhali da rodin ne doka ta ce a ɗaure allunan. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta ACI 318 take rage ƙarfin riƙe rodi da ake lissafa masa har zuwa kashi 75 cikin ɗari, a tsawaita rodin da ke shiga mahaɗa. Ta Turai kuma ta ce a ƙara milimita 5 a kaurin kankaren da ke lulluɓe rodi. Ga alama ɗan abu ne, amma ta nan danshi yake bi tsatsa ta kama.