Kujerar hukuma: wa ke naɗawa, kuma ta ina talaka zai shiga?

Duk ranar da aka fitar da sunayen waɗanda aka naɗa a hukumomin jihar Kaduna, majalisun Tudun Wada da Sabon Gari sai su ɗauki zafi: wane ya samu, wane an ci da guminsa. Ga tambayoyin da aka fi jefo mini a irin wannan zama.

Malam, wai wa ke zaɓen mutanen nan?

Ba zaɓe ba ne, naɗi ne. Sashe na 197 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadar wa kowace jiha hukumomi uku: ta ma'aikata, ta zaɓen ƙananan hukumomi, da ta kula da ma'aikatan shari'a. Gwamna ke kawo sunaye, majalisar dokoki ta amince, wa'adinsu shekara 5. Sauran, irin su hukumar ilimin firamare ta SUBEB, kowacce da dokar da ta kafa ta. Majalisar gudanarwar Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, duk da a Samaru take zama, shugabanta da wakilan waje daga Abuja ake naɗo su.

Dole sai ɗan jam'iyya ko mai babban karatu?

A takarda, a'a. Hukumar shari'a ta jiha an ware mata kujeru biyu na mutanen da ba lauyoyi ba, sharaɗinsu kawai gaskiya da riƙon amana. Ɗan hukumar zaɓe ma doka ta hana shi zama ɗan jam'iyya. Amma wa ke auna riƙon amanar? Gwamna. Shi ya sa sau da yawa kujerar kan zama tukuicin wahalar kamfe, kuma wanda aka ba tukuici da wuya ya ɗaga wa mai gida murya.

To mu da ba mu da kowa a sama fa?

Ƙofarku tana nan cikin unguwa, raina ta kawai ake yi. Makarantun firamare na gwamnati suna da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, inda mai unguwa, hedimasta, iyaye, mata, malaman addini da masu sana'a ke zama. Ƙananan asibitoci kuma suna da kwamitin ci gaban gunduma. Ƙaramar hukumar Zariya kaɗai gundumomi 13 gare ta, daga Kwarbai da Kaura zuwa Gyallesu, Dambo da Wuciciri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ke tura kuɗi kai tsaye zuwa irin waɗannan asibitoci, kuma kwamitin gunduma na da bakin magana kan yadda za a kashe.

Na taɓa zama a kwamitin wata makaranta. Kan bencin yara muke taro, gwiwa na dukan teburi. Ran nan aka miƙo mini takarda a naɗe, yatsa a kan layin ƙasa: "Malam, sa hannu nan, sauri muke." Na ce a bari in buɗe. Ashe shaida ce cewa an gama gyaran rufin aji biyu, alhali muna zaune muna hango sama ta ɓular kwanon. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa, wakiliyar mata, ba ta iya boko ba, amma ita ta ce, "Ɗana, karanta mana da ƙarfi kowa ya ji." Ba a sa hannu ba ranar. Kafin damina kafinta ya dawo.

Yadda ake shiga babu wuya: ka sami mai unguwarku ko hedimasta, ka tambayi su wane ne a kwamitin da ranar da suke zama. Za ka iya tararwa rabin sunayen sun shekara ba su leƙo ba.

Akwai ɗan abin hasafi?

A manyan hukumomi akwai albashi ko kuɗin zama. A kwamitin unguwa, aikin sa kai ne, wani lokaci ma kai za ka sayi ruwan leda. Wanda ya zo neman na cefane, taro biyu zai yi ya ɓace.

In ban sami kujera ba, shi ke nan ba ni da ta cewa?

Kana da ita. Kaduna ta shiga ƙawancen gudanar da gwamnati a buɗe a 2018, kuma akwai tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko don a duba wajen tsara kasafin kuɗi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikata kana neman takardun aiki, ta amsa cikin kwana 7. Ka rubuta a matsayin ƙungiya, ya fi nauyi. Ka yi kwafi biyu, ka tsaya a gaban akawu har ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka kafin ka bar ofishin.